Tsohuwar taswirar katako ta haɗawa: wadda ta dace da hannun yaro da wadda ta dace da bango

Kayan da muke dubawa a nan shi ne taswirar da aka manna ko aka zana a kan katako, sannan aka bi ta da siririn zarto aka yanka gunduwa-gunduwa, domin yaro ya wargaza ya sake haɗawa. Waɗanda aka ƙera daga farkon ƙarni na 20 zuwa shekarun 1980 har yanzu suna yawo a hannun masu tsofaffin kaya da shagunan intanet, kuma iyaye da malamai suna neman su sosai. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, ga yaron da ya kai shekara biyar ko shida kuma yana da babba a kusa da shi, da wuya a sami abin koyar da taswira da ya kai wannan amfani. Sai dai ba kowace ce ta cancanci shiga hannun yaro ba. Yadda aka yanka ta, abin da aka shafa mata, da shekarar da aka zana ta, su ne za su nuna ko abin koyo ce ko abin ado.

Asalin wannan wasa ma daga aji ya fito. Ana danganta shi da John Spilsbury, wani mai zana taswira a Landan wanda ya koyi sana'a wurin Thomas Jefferys, mai zana taswirar Sarki George na Uku. A wajen 1766 ya manna taswirar Turai a kan siririn katakon mahogani, ya yanka ta bisa iyakokin masarautu, ya sayar wa masu hali don 'ya'yansu su koyi ƙasashe. Lady Charlotte Finch, wadda ta yi renon 'ya'yan sarkin, da irin waɗannan taswirori ta riƙa koyar da su. Hotunan dabbobi, jiragen ƙasa da furanni duk daga baya suka shigo. Irin na zamanin Spilsbury yanzu a gidajen tarihi suke, ba su ne iyaye za su ci karo da su ba. Abin da ke kasuwa shi ne na kamfanoni irin su G. J. Hayter na Ingila, mai tambarin Victory, wanda ya yi suna da taswirori a kan katako mai falle-falle, wato siraran katakai da aka manne a kan juna, da Playskool da Sifo na Amurka, waɗanda suka yi ta fitar da taswirar jihohin ƙasarsu a cikin faranti mai baki. Akwai kuma na makarantun Montessori, masu koyar da yara ta hanyar taɓa kaya da hannu, masu ɗan mariƙi a kan kowane guntu. Ban da waɗannan akwai tarin marasa suna, kuma cikinsu akwai masu kyau ƙwarai.

Yanka shi ne abu na farko da za a duba, kuma a nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Iri biyu ne. A na farko, zarto ya bi iyakar ƙasa daidai, ta yadda guntun da yaro ya ɗauka shi ne ƙasar kanta: Italiya ta fito da siffar takalminta, Chile ta fito doguwa siririya, Madagaska ita kaɗai. A na biyu, an ɗauki hoton taswira an yanka shi da kunnuwa masu shiga juna kamar kowane hoto, guntu ɗaya ya ɗebo rabin Faransa da wani ɓangare na Jamus da ɗan teku. Na biyun ya fi riƙe kansa idan aka haɗa, ya fi kyan ɗauka, amma abin da yaro ke koya a cikinsa shi ne daidaita launi da kunne. Zai iya gama shi sau goma bai san siffar ƙasa ko ɗaya ba. Idan karatu ake nema, na farko za a saya. Wasu tsofaffin sun haɗa biyun da hikima: ƙasashe an yanka su bisa iyaka, teku da gefen taswira kuma an yi musu kunnuwa don su zama shingen da ke riƙe na ciki. Wannan shi ne mafi kyau idan an same shi cikakke.

Dalilin da ya sa yankan iyaka ke aiki yana da sauƙin ganewa idan aka kalli yaro yana yi. Zai ɗauki guntu, ya juya shi, ya gwada, ya ƙi shiga, ya sake juyawa. Katakon da kansa yake gaya masa ya yi kuskure, babu buƙatar wani ya ce masa a'a. Kafin ya iya karanta sunan ƙasa, yatsunsa sun san cewa wannan mai faɗi ce, waccan tana da dogon wuya, kuma wannan ba ta zama sai an fara sa ta kusa da ita. Sanin maƙwabtaka kenan, wanda shi ne ginshiƙin fahimtar taswira, kuma shi ne abin da haddar sunayen manyan birane ba ta bayarwa. A 2012 Susan Levine da abokan aikinta a Jami'ar Chicago sun wallafa binciken da suka yi a kan yara a gidajensu, inda suka ga waɗanda ke wasan haɗa guntaye tsakanin shekara biyu zuwa huɗu sun fi sauran iya juya siffa a zuci lokacin da suka kai huɗu da rabi. Binciken a kan wasan haɗawa ne gaba ɗaya, kuma alaƙa ya nuna, bai ce wasan kaɗai ne sanadi ba. Duk da haka ya yi daidai da abin da malaman ƙananan azuzuwa ke gani.

Katako yana da tasa rawar a nan. Guntu mai kaurin milimita 4 zuwa 6 yana da nauyin da ƙaramin hannu zai ji, yana faɗawa gurbinsa da ƙara, kuma bakinsa ba ya tauyewa kamar na kwali. Kwali, idan yaro ya danna shi da ƙarfi, zai shiga inda ba gurbinsa ba, darasin ya lalace. Katako ba ya yarda.

Yanzu ga inda kayan ke da rauni, kuma rauni ne na gaske. Zarto ba ya iya fitar da ƙananan ƙasashe a girman da hannu zai riƙe, don haka masu ƙerawa sukan haɗe su. A taswirar Amurka sau da yawa ana haɗa Rhode Island da Connecticut da Massachusetts a guntu ɗaya, wani lokaci ma jihohin arewa maso gabas shida gaba ɗaya. A ta Turai, Beljiyam da Holan da Luksamburg kan zo tare. A ta Afirka, Gambiya takan zo zane kawai a jikin Senegal, Lesotho a jikin Afirka ta Kudu, Ruwanda da Burundi a manne. Yaron da ba a yi wa bayani ba zai ɗauka guntu ɗaya ƙasa ɗaya ce, kuma wannan fahimtar takan daɗe a kansa. Maganinta shi ne babba ya nuna masa layin da aka zana a kan guntun, ya ce nan ƙasa biyu ce, zarto ne bai iya raba su ba. Inda kuma aka yi ƙoƙarin raba su, sai a sami guntayen da ba su wuce ƙwayar wake ba, su ne na farko wajen ɓata, su ne kuma masu haɗari ga jariri.

Akwai kuma matsalar girma. Taswirar duniya da yawa na wancan zamani an zana su ne bisa tsarin Mercator na 1569, wanda aka yi don matuƙan jirgin ruwa. Tsarin yana kumbura duk abin da ya yi nisa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A kan takarda wannan kuskure ne da ido ke gani ya wuce, amma a kan katako yaro yana riƙe shi a hannu: zai ɗora guntun Greenland a kan na Afirka ya ga sun kusan yin daidai, alhali Afirka, mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 30, ta ninka Greenland wajen sau 14. Abin da hannu ya auna ba ya fita daga kai da sauƙi. Saboda haka mun fi son taswirar nahiya ɗaya ko ƙasa ɗaya a kan ta duniya baki ɗaya, domin a ƙaramin fili karkacewar ba ta da yawa. Wanda ya riga ya sayi ta duniya, ya ajiye ƙwallon taswira a gefe, duk lokacin da aka yi wasa a kwatanta.

Sai shekarar zane, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankali a cikin kayan nan. Yawancinsu ba a rubuta musu shekara ba, amma taswira tana tona asirin shekarunta ga wanda ya san inda zai duba. Ta Amurka mai jihohi 48 an yi ta kafin 1959, shekarar da Alaska da Hawaii suka shiga. A ta duniya, Farisa maimakon Iran tana nuna kafin 1935, Siam maimakon Thailand kafin 1939 ko ɗan lokaci bayan yaƙin duniya na biyu, Ceylon maimakon Sri Lanka kafin 1972. Pakistan mai ɓangare biyu, gabas da yamma, tana tsakanin 1947 da 1971. Jamus biyu, kafin 1990. Tarayyar Sobiyet a guntu ɗaya babba, kafin ƙarshen 1991, lokacin da ta rabu gida 15. Afirka ta fi kowace nahiya sauƙin tantancewa saboda yawan sauyin suna: Gold Coast ta zama Ghana a 1957, ƙasashe 17 suka sami 'yanci a 1960 kaɗai, Tanganyika da Zanzibar suka haɗe suka zama Tanzaniya a 1964, Dahomey ta zama Benin a 1975, Rhodesia ta zama Zimbabwe a 1980, Upper Volta ta zama Burkina Faso a 1984. Idan an ga Zaire, taswirar tana tsakanin 1971 da 1997. Eritrea ta fito a 1993, Sudan ta Kudu a 2011, don haka kusan babu tsohuwar taswirar katako da za a sami Sudan a rabe. A haɗa alamu biyu ko uku, sai a matse shekarar zuwa tazara kaɗan. A tuna kawai cewa kamfanoni sukan ci gaba da buga tsohon zane shekaru bayan iyaka ta sauya, don haka alamar tana faɗin lokacin zane ne, ƙila katakon ya fi haka ƙuruciya.

Wannan tsufa aibi ne ko alheri? Ya danganta da shekarun yaro. Ga mai shekara biyar da yake jin sunayen ƙasashe karon farko, aibi ne. Abin da ya fara shiga shi ke zama, kuma babu dalilin ɗora masa Yugoslavia, ƙasar da ta riga ta wargaje, sannan a dawo ana ƙoƙarin cire ta. A ba shi taswirar da iyakokinta ba su sauya ba: Amurka ta Kudu, wadda ƙasashenta suke nan yadda suke tun da daɗewa in ban da sunayen Guyana da Suriname, ko Amurka mai jihohi 50, ko taswirar nahiyoyi. Ga mai shekara tara zuwa sama kuwa, tsohuwar taswira ta fi sabuwa daraja. A ajiye masa ta 1950 kusa da ta yau, a ce ya nemo bambanci. Zai ɗauki guntu guda mai suna Afirka ta Yamma ta Faransa ya ga cewa a gurbinsa yau akwai Senegal, Mali, Nijar, Muritaniya, Gini, Kodebuwa, Burkina Faso da Benin. Daga nan tambaya za ta zo da kanta: wa ya zana layin, me ya sa wasu suka miƙe kamar da rula aka ja, me ya sa babban ɓangare na duniya launi ɗaya ne. A taswirorin Birtaniya na lokacin, ja ko ruwan hoda shi ne launin ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinta. Darasin tarihi ne da yaro ya tono da hannunsa, kuma irin wannan ba ya mantuwa.

A nan dole a faɗi wani abu ba tare da kwana-kwana ba. Yawancin taswirorin an ƙawata su da ƙananan hotuna: auduga a nan, kwal a can, jirgin ruwa a bakin teku. Na Victory sun shahara da nuna sana'ar kowane yanki, kuma yara suna son su. Amma wasu na zamanin mulkin mallaka sun zana mutanen Afirka, Asiya da 'yan asalin Amurka cikin siffar raini da izgili, yayin da Turai aka cika ta da gine-gine da masana'antu. A dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya kafin a saya. Ƙaramin yaro ba ya tambayar hoto, haɗiye shi yake yi. Irin wannan taswira ko dai a bar ta, ko a ajiye sai yaro ya girma a tattauna da shi a kanta.

Batun lafiya ya fi duk waɗannan nauyi. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohon fenti ba ya cikin wannan magana. Kafin 1978 babu dokar da ta hana dalma yadda ya kamata a fentin kayan wasa a Amurka. A shekarar ne aka kafa iyakar kashi 600 cikin miliyan, aka sake rage ta zuwa 90 a 2009. Wasu ƙasashe sun riga, wasu sun makara ƙwarai, don haka shekarar 1978 ba garanti ba ce ga kayan da ba a san inda aka yi su ba. Launin rawaya, lemo da ja masu haske su ne aka fi zargi, domin a da ana haɗa su da sinadaran dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, kuma illarta a kan ƙwaƙwalwa take, ba ta nuna alama da wuri. Ba sai yaro ya tauna guntu ba: fentin da ya tsufa yana zama gari, garin ya hau yatsa, yatsa ya shiga baki.

Abin yi a fili yake. Taswirar da aka shafa wa fenti kai tsaye a kan katako, wadda ba a san shekararta ba ko ta girmi ƙarshen shekarun 1970, kada a ba yaro sai an gwada ta. Ɗan tsinken gwaji da ake sayarwa, mai sauya launi idan ya taɓa dalma, yana da amfani idan ya nuna akwai, amma idan ya nuna babu kada a dogara da shi, domin yakan kasa ganowa. Gwajin da za a amince da shi shi ne na na'urar XRF, mai haska fenti ta gano ƙarfen da ke cikinsa, ko na ɗakin gwaje-gwaje. Shafa mata man sheƙi a sama ba ya warware matsalar, haƙori da gogayya za su huda shi. Kankare fentin da samfefa kuwa shi ne mafi muni, domin zai watsa garin a iska. Mai takarda da aka manna ta fi sauƙin haɗari, amma ita ma tawadar da ba a san ta ba ce, don haka dokar ɗaya ce: ba a ba yaron da har yanzu yake kai abu baki, ba a ci abinci ana wasa, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Wadda ta faɗi gwaji a sa ta a firam mai gilashi a rataye.

Haɗari na biyu shi ne maƙalewa a maƙogwaro. Ma'aunin da hukumomi ke amfani da shi ga 'yan ƙasa da shekara uku wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya an ɗauke shi haɗari. A gida ana iya gwadawa da kwalin tsakiyar tishu, wanda ya ɗan fi faɗi, don haka ya fi tsanani. Kusan kowace taswirar da aka yanka bisa iyaka tana da guntun da zai shige. Ɗan mariƙin da ke kan na Montessori ma, idan gam ya tsufa, yakan fita, don haka a ja kowanne da yatsa a gani. Gidan da akwai mai rarrafe, a yi wasan a kan tebur, a ƙirga guntaye kafin a tashi.

Wajen saye, a nemi ganin taswirar a haɗe, ba a zube cikin kwali ba. Kalmar “ina jin ta cika” ba ta isa ba, hoto a haɗe shi ne shaida. A nemi hoton baya kuma, domin a can ake ganin gaskiyar katako. Mai falle-falle za a ga layuka uku ko fiye a gefensa. Idan fallayen sun fara buɗe baki, danshi ya taɓa shi. Wasu da ake tallata su da sunan katako, garin katako ne da aka matse, bayansu launin ƙasa-ƙasa mai ɗan kaushi. Ba laifi ba ne, amma idan ruwa ya taɓa shi yakan kumbura ba ya komawa. A dubi wuraren da suka fi saurin karyewa: wutsiyar Florida, hannun Oklahoma, siririn zirin Caprivi na Namibiya, ƙafar Italiya, tsibiran Girka da Denmark. A ɗora farantin a kan tebur a danna kusurwoyi huɗu, idan yana rawa ya lanƙwashe, kuma lanƙwasar da ta wuce milimita biyu zuwa uku za ta sa guntaye su riƙa tashi. A shinshina: warin rumfa mai laima alamar funfuna ce, kuma funfunar da ta shiga takarda ba ta fita gaba ɗaya. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita ɗaya zuwa biyu aikin ƙwaron katako ne. Idan aka bubbuga gari mai haske ya zubo, ƙwaron yana nan da rai.

Akwai sababbi da ake yi musu kamannin tsufa. Gefen guntu ne ke tona su. Yankan leza, wato na'ura mai yanka da haske, yana barin gefe baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, sumul, wani lokaci da ɗan warin ƙuna. Yankan zarto yana barin launin katakon yadda yake, da 'yan layukan haƙori, kuma layin yana ɗan kauce wa iyaka nan da can saboda hannu ne ya tuƙa. Sabuwa ba aibi ba ce, amma kada a biya kuɗin tsohuwa a kanta.

Gyara yawanci mai sauƙi ne idan an yi haƙuri. Ƙura a share ta da buroshi mai laushi, ruwa kada ya taɓa takarda ko kaɗan, domin tsohon gam da ruwa yake narkewa kuma launi zai zuba. Takardar da ta ɗaga a gefe, a ɗebi gam fari na takarda kaɗan a bakin tsinken sakace, a shafa a ƙarƙashi, a kwantar da ita daga ciki zuwa waje, a rufe da takarda mai santsi wadda gam ba ya kamawa, a ɗora littafi mai nauyi na awa 24. Gam mai yawa shi ke ɓata aiki: yana bulbulowa gefe, ya bushe, guntun ya ƙi shiga gurbinsa. Fallen katako da ya buɗe, gam ɗin kafinta za a tura ciki da bakin siririyar wuƙa, a matse tsakanin katako biyu masu laushi. Salatif kada a kusance shi, yana rawaya, yana barin tabo, ranar cire shi kuma da fuskar taswirar zai tafi. Gam mai kamawa nan take shi ma yana jiƙa takarda ya bar duhu. Ga ƙwaro, a sa taswirar a leda a fitar da iska a ɗaure sosai, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius na mako biyu, sannan a fito da ita a bar ta cikin ledar yini guda kafin a buɗe, don raɓar ta sauka a kan leda maimakon katako.

Guntun da ya ɓata ba ya kashe taswira, in dai ɗaya ne ko biyu. A haɗa sauran, a sa takarda a ƙarƙashin gurbin, a zagaye da fensir mai tsini, a manna zanen a kan katako mai kauri ɗaya da na asali, a yanka da siririn zarto ta cikin layi kaɗan, a goge da samfefa har ya zauna. Ba sai an wahala wajen kwaikwayon launi ba. A shafa launi ɗaya mai tambarin kayan yara, a rubuta sunan ƙasar, a sa alama a baya cewa sabo ne. Yara sukan fi riƙe sunan wannan ƙasar fiye da sauran.

Yadda ake gabatar da ita ga yaro yana iya sa ya so ta ko ya guje ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juye guntaye hamsin a gabansa a ce bismillah. Tunda babu kunnuwa, komai yana zamewa, cikin minti biyar ya gaji. A fara da taswirar a haɗe, a cire guntu uku kawai masu siffa daban, ya mayar. Gobe biyar, jibi yanki guda. Idan aka kai ga juyewa gaba ɗaya, a koya masa ya fara da ƙasashen bakin teku, domin gaɓa tana ba shi jagora, na tsakiya su zo daga baya. Wadda ba ta da faranti a shimfiɗa mata tawul ko zane mai kauri don kada ta zame. Amurka ta Kudu ce mafi dacewa da farawa, guntu 13 ne kacal kuma Brazil ta cinye kusan rabi. Afirka mai ƙasashe 54 da Turai sai hannu ya faɗa. Ta Amurka tana da tarko: Colorado da Wyoming kusan siffa ɗaya ce, dole sai da karanta suna.

Bayan ya iya haɗawa, wasan bai ƙare ba, a nan ma amfanin yake farawa. A sa guntu a jaka ya lalubo ya faɗi sunansa ido rufe. A ba shi ƙasa ɗaya ya tattaro duk maƙwabtanta. Ya zagaye guntu da fensir a takarda ya yi tasa taswirar, ya sa koguna da kansa. A kife guntayen ya haɗa ta baya, wanda ke da wuya fiye da yadda ake zato. A na Montessori, mariƙin yana zaune ne a daidai babban birni, don haka yatsan yaro yana sauka a kan birnin duk lokacin da ya ɗaga ƙasar. Minti goma zuwa sha biyar sun isa a zama ɗaya, a tashi tun yana so.

Idan aka auna tsohuwar da sabuwar taswirar katako, sabuwar ta yi nasara a abu biyu masu muhimmanci: iyakokinta na yau ne, fentinta kuma an gwada shi idan tana da tambarin hukumar kula da ingancin kayan yara. Ga ɗan shekara uku ko huɗu babu gardama, sabuwa za a saya, mai nahiyoyi bakwai da manyan guntaye. Tsohuwar ta yi gaba a kaurin katako, kyan zane, yawan bayani irin su koguna, duwatsu da layin dogo da sababbi da yawa suka watsar, da kuma darasin tarihin da ke jikinta. Gidan da zai iya, ya haɗa biyun na nahiya ɗaya.

Ajiya ita ce za ta sa ta kai ga ƙannen yaro. A ɗauki hotonta a haɗe, a rubuta adadin guntaye a cikin marfin kwalin, a sa wa kowane guntu lamba da fensir a baya. A ajiye ta a kwance, a cikin farantinta, da kwali mai tauri a sama, a ɗaure da igiyar zane. Robar ɗauri tana narkewa da zafi ta manne a takarda. Rana kai tsaye tana cinye ja da rawaya cikin 'yan watanni, ɗaki mai laima yana buɗe falle, wuri mai zafi da bushewa yana lanƙwasa faranti. Ƙananan guntayen nan, Luksamburg da Gambiya da ire-irensu idan an yanka su daban, a ware musu ƙaramar jaka mai zif a cikin kwalin, a fito da su sai an kusa gama haɗawa, a mayar da su kafin a wargaza sauran.